Yaya Saratu da Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Bana shekara tara ke nan da muka rufe Yaya Saratu, bayan haɗarin motar da ya rutsa da ita a hanyar Katsina. Ni ne ƙanin da ke bi mata, kuma duk gidanmu na Jibiya ba wanda ya kai ni shan ranƙwashinta. Malamar jami'a ce mai bincike kan sankarar ƙwan mace, amma a unguwa likita ake ce mata, ta yi musu har ta gaji.

Gwaggonmu ta Daddara ce ta jefa ta wannan karatu. Cikin Gwaggo ya ɗago tana gab da barin haihuwa, aka yi ta yi mata barka. Lokacin haihuwa ya wuce shiru, sai tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta, zai tashi in Allah ya so. Aka bi ta da jiƙe-jiƙe ana jira. Ranar da aka tsallaka da ita Maraɗi, likita ya ce babu ɗa, ƙari ne, kuma ya riga ya bazu. Yaya tana sakandare a lokacin, kuma har ta koma ga Allah wannan jiran bai daina yi mata ciwo ba.

Na taɓa tambayarta me take nema a ɗakin binciken nan da ya hana ta zuwa gida sallah. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu sinadarai da masana ke kira kasfes, aikinsu irin na almakashi: in ƙwayar ta tsufa ko ta lalace, sai su daddatse ta daga ciki, jiki ya share wurin. A wannan sankarar, ƙwayoyin kan samar da abin da zai ɗaure almakashin, sai su ƙi mutuwa, su yi ta yaɗuwa. Maganin da ake ɗura wa majinyaciya ma da almakashin yake dogara, shi ya sa in ɗaurin ya yi ƙarfi magani kan daina ci. Burinta ta gano yadda za a kwance shi.

Na ce, "Wato Yaya, kowa na neman rai, ke mutuwa kike nema?"

Ta ce, "Tafi can, malamin firamare. Ƙwayar da ta ƙi mutuwar ita ke kashe mana mata."

Ban fahimci rabin aikinta ba, amma na ga halinta. Tsakiyar taron suna za ta ja mace gefe ta tambaye ta yaushe cikin nan ya fara kumbura, tana saurin ƙoshi, tana yawan fitsari? Innarmu kamar ta nutse don kunya. Ita ko a jikinta.

Da za ta leƙo yau, za ta ji daɗin ganin hoton ciki ya zama abin da ake yi ba sai an yi doguwar tafiya ba. Amma na san za ta yi tsaki, don har yanzu ana jira. Bara, a tashar motocin Maraɗi, aminina Ilu direba ya ce mini cikin matarsa Rabi ya kwanta, an shiga shekara ta biyu, kuma tana ta ramewa. A wajenmu namiji ba ya sa baki a cikin matar wani, ko da tare suka tashi. Na yi ta juya maganar, na ga in na yi shiru labarin Gwaggo za a maimaita. Na same shi yana wanke mota, na ce ya kai ta a yi hoto.

Ya ajiye bokiti ya ce, "Malam, mi ya kai bakinka ga cikin iyalina?"

Ya daina amsa sallamata, kuma hakan ya yi mini zafi ƙwarai. Ashe maganar ta zauna masa. Ya kai ta Katsina, aka ga ƙari, aka yi aiki. Yanzu tana karɓar magani, gashinta ya zube, likitoci ba su yi alkawarin komai ba, sai dai sun ce an zo da sauran dama. Duk ranar ɗurin magani nakan roƙi Allah ya sa nata almakashin bai ɗauru ba.

Yaya ba ta kai ga abin da take nema ba, wasu ne za su ƙarasa. Ba ta bar gida ko gona ba. Abin da na tabbata ta bari shi ne ta koya wa matsoraci irina buɗe baki inda ake jin kunya, kuma ina alfahari da ita.

Kwanan baya Ilu ya tsaya da mota a ƙofar makarantarmu, ya zo yi mini godiya. Na faɗa masa ba ni ya kamata ya gode wa ba, karatun Yaya ne. Sai ya buɗe mini ƙofar gaba.

"Shigo, Malam," in ji shi. "Ka gwada mani inda aka rufe ta."