Wasan da na aro a kasuwar Jahun

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a wani gidan rediyo a Dutse, nakan karanta labarai na minti goma ba tuntuɓe. Amma in aka bar ni da mutum ɗaya a kan benci, da mun gama gaisawa shi ke nan, sai kallon takalmi. Mahaifiyata takan ce ko ruwan sha zan roƙa, kamar sanarwa nake karantawa.

Ina da aboki a wurin aikin wanda duk inda ya shiga sai an yi dariya. Na ɗauki abin kamar darasi. Na riƙa lura da shi, har ina rubuta wasu maganganunsa a bayan littafin aikina, in ga ko zan gano sirrin.

Wata ranar kasuwa muka je Jahun neman masu magana a shirin manoma da makiyaya. A kara, inda ake cinikin shanu, akwai wani dattijo Bafulatani da kowa ke cewa in ya yarda aka yi hira da shi, shiri ya haɗu. Abokina na hango shi ya ce, "Bawana, har yanzu kana nan kana rowar nono?" Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya, ya rama da wadda ta fi wannan zafi, ya jawo shi kan tabarma. Ni kuwa na rubuta.

Bayan mako biyu aka tura ni ni kaɗai in ɗauko hirar. Tun a mota nake maimaita jimlar. Na isa, na gyara murya, na faɗe ta daidai, ko wasali ban kuskure ba.

Babu wanda ya yi dariya. Dattijon ya dube ni a tsanake, ya tambaye ni ko ni Babarbare ne. Na ce a'a, iyayena manoma ne daga Buji.

"To ɗana," in ji shi, "wancan abokin naka, kakanninsa da nawa suka fara wasan, shi tararwa ya yi. Kai wa ya ba ka?"

Ya juya ya ci gaba da harkarsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, na san da wasan Fulani da Barebari tun ina ƙarami. Kawai ban taɓa haɗa shi da abokina ba. Na zaci iya magana ce zalla, wadda ake kwafa. Haka na koma Dutse da rikoda babu komai a ciki.

Abokina ya yi dariya har da hawaye. Mahaifiyata ba ta yi ba. Ta ce in koma in ba da haƙuri, kuma in bar rikodar a gida.

Da kasuwa ta zagayo na koma, na durƙusa na ce, Baffa, na yi kuskure. Ya ce ya wuce, amma bai kalle ni ba. Sai na zauna a bakin tabarma ina kallon ciniki. Can aka gama cinikin wata farar saniyarsa. Mai saye na kama igiya, sai na ga dattijon ya juya mata baya, bai waiwayo ba har aka fita da ita. Kafin in yi shawara da kaina, na ji bakina yana tambayarsa dalili.

Ya ce, "In ta waiwayo ta ga fuskata ba za ta tafi ba, sai an dake ta. A hannuna aka haife ta."

Daga nan ya kama ba ni labarin uwarta da kakarta, ina tambaya yana amsawa, har aka kira la'asar. Da zan tafi ya ce kasuwa mai zuwa in taho da akwatin namu na ɗaukar magana.

Har yau ban iya barkwanci ba, kuma na daina nema. Abin da na gane shi ne, duk shirun nan da nake jin kunyarsa, kallo nake yi a cikinsa, kuma kallon yana tara mini tambayoyin da ba a rubuce suke ba. Nakan yi mamakin yawan waɗanda na haɗiye a baya don ina ganin ba su isa hira ba.

Mun sha komawa karar nan da abokina. Su biyu su yi ta zolayar juna, ni ina gefe. In sun gaji, dattijon ya matsa mini wuri a tabarma, ya ce, "To, yau kuma me ka gani?"