Na Je Minna Ɗauko 'Yar Kyanwa

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanina. Shi ke tuƙi, ni kuma ina gefe rungume da kwandon roba mai murfi, wanda na shimfiɗa wa tsohon tawul a ciki. Daga Kaduna muka tashi, Minna muka nufa, kuma abin da ya fitar da mu a tsakiyar damina ba biki ba ne, ba ta'aziyya ba ce. 'Yar kyanwa za mu ɗauko. Na san wasunku da ke bibiyar tafiye-tafiyena za su yi dariya. Ƙanina ma tun daga ƙofar gida ya fara tasa, wai da kuɗin man da za mu ƙona gara a sayi tunkiya da ɗanta.

Ga dalili. Mahaifinmu tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma a unguwar Limawa ta Minna aka haife mu duka, cikin gidan da kakanmu ya gina. Bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu, na ɗauko Baba ya dawo wurina, saboda idonsa ya yi rauni, ƙafa ma ta fara gaza masa. Inna mace ce mai son mage ƙwarai. Tun muna yara gidanmu bai taɓa rabuwa da su ba, kuma duk zuri'ar wata baƙar mage ce mai farin wuya da Inna ta raina. A makon jiya matar yayana, wadda ke zaune a gidan yanzu, ta kira ni muna hira, har ta ce magen gidan ta haihu, an ma fara rabon 'ya'yan. Baba yana kishingiɗe kusa da ni yana ji. Ina ajiye waya ya ce, "Uwata, a kawo mini ɗaya cikin jikokin magen Innarku."

Rabon da Baba ya nemi wani abu da bakinsa har na manta. Jikinsa kullum ƙara sanyi yake yi, likitansa kuma ya fara yi mini magana a hankali, irin wadda ba na so. Saboda haka ban tsaya tambayar kwanan 'ya'yan magen nawa ba. Kwando kawai na nema.

Hanyar Abuja mun same ta yadda kuka san ta, a yi tafiya kaɗan a karkata, a sake tafiya a sake karkata. Da muka bar ta muka juya hanyar Minna sai aikin ya koma na haƙuri. Tireloli ne jere, wasu na tafiya kamar masu ciwon baya, wasu sun kwanta a gefe direbobinsu sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Ramukan hanya sun cika da ruwan sama, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa. Duk lokacin da motar ta daku, ƙanina sai ya kalli kwandon ya ce in riƙe gadon sarauniya da kyau. Amma ƙasar ta yi kyau, wannan kam ba a musu. Ko'ina kore shar, duwatsu sun yi baƙi da jiƙa, gonakin doya da masara har bakin titi.

A Lambata muka tsaya karin kumallo, waina da miya a wurin wata mata da ba ta rowar mai. Sabuwar doya ta fito, an tara ta kashi-kashi, matan Gwari na isowa da wasu a ƙwarya bisa kafaɗa. Na taya wani kashi, mai doyar ta faɗi kuɗin da ya sa na tambaye ta ko har da gonar. Ta yi dariya ta ce da Hausarta ta Gwari, "Hajiya, ka dafa shi tukuna, gobe kai ne za ka neme ni." Na saya, kuma gaskiyarta, doyar gari gare ta.

Mun wuce Paiko, muka shiga ta Chanchaga rana ta take. A Tunga keke da babura suka sa mu a tsakiya, kowa na ganin shi ne mai gaggawa. Daga nan muka shiga Limawa. Lungun namu bai canza ba, sai dai shaguna da suka ƙaru, da yaran da ban san na waye ba. Matar yayana ta tare mu da sakwara da miyar agushi, ta hana ni ganin komai sai na ci.

A sito magen ta haihu, bayan buhunan shinkafa, cikin wani tsohon kwali. Huɗu ta haifa, biyu na tarar. Ɗayar baƙa ce mai farin wuya, sak kakarta, ina ganinta na san ita ce ta Baba. Na ɗauke ta, ba ta cika tafin hannuna ba. Idonta bai daɗe da buɗewa ba, ɗaya ma kwantsa ta manne shi. Kunnuwanta ba su gama miƙewa ba. Da na ajiye ta a ƙasa sai ta yi taku biyu ta kife. Na buɗa gashin cikinta na ga ƙuma na gudu. Uwar tana gefe ta kafe ni da ido, ba ta yi faɗa ba, amma ba ta ƙifta ba har sai da na mayar.

Na ce, "Yaya, anya wannan ta isa rabuwa da uwa?"

Ta ce, "Anti, yanzu ne daidai. Mage idan ta yi wayo ta san gida, ko ina kika kai ta sai ta gudu. Tun ido bai waye ba ake ɗauka, ta tashi ba ta san kowa ba sai ku. Madarar gwangwani kawai za ki riƙa ba ta a cokali."

Haka na taso ina ji, kuma haka kowa ke yi a unguwar. Amma na tambaye ta labarin biyun da aka bayar. Ta faɗa mini. Ɗaya an kai Kpakungu gidan wani kafinta abokin yayana, ba ta yi mako ba ta mutu. Ɗayan yana nan tsallaken lungu, gidan maƙwabta, kuka yake yi dare da rana, ga zawo. Ta ƙara da cewa waccan kwananta ne ya ƙare. Raina ya ɓaci, har magana ta zo bakina, na haɗiye. Mace ce mai kirki, kuma da zuciya ɗaya ta yi kyautar.

Da la'asar na ce a kai ni wurin likitan dabbobi. Yayana ya san wani a Tunga, sai na sa 'yar kyanwar a kwando muka tari keke ni da ƙanina. Tafiyar ba ta da nisa, amma ta ishe ni. Tun daga ƙofar gida take kuka, wani siririn kuka mai shiga kai, uwar kuma ta biyo mu har bakin zaure tana amsawa. Kafin mu isa kukan ya dishe, ta lafe a kusurwar tawul. Na sa hannu na ji jikinta ya yi sanyi, alhali ni gumi nake yi. Ƙanina da ke ta zolaya tun safe ya daina.

Likitan matashi ne, marar yawan magana. Ya duba bakinta da idonta, ya ɗora ta a sikeli, ya ce ba za ta wuce sati uku ba. Ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma ga shi na kawo muku, ko zai amfani wani. Kyanwa mai wannan kwanaki ba ta iya ɗumama jikinta, jikin uwa da na 'yan'uwa ne bargonta. Ko fitsari da kashi ba ta cika yi da kanta ba sai uwar ta lashe ta. Madarar gwangwani da nonon shanu ba su dace da cikinta ba, zawo suke sa ta, kuma zawon kwana ɗaya ya isa ya tafi da abu ƙarami haka. Ƙumar da na raina, jininta take sha, ita da ba ta da jinin da za ta bayar. Ya ce kada a kuskura a barbaɗa mata hodar ƙwari, uwar za a yi wa magani, a canza shimfiɗa, ita kuma a riƙa taje ta ana goge idon da auduga da ruwan ɗumi. Sai ta kai kamar wata biyu, tana cin abinci da kanta, an ba ta maganin tsutsar ciki an fara mata rigakafi, sannan a yi maganar tafiya.

Na tambaye shi ko in kwashe su duka har uwar. Ya ce mage mai shayarwa idan aka kulle ta a mota tsawon wuni aka sauke ta a baƙon gida, tana iya firgita ta ƙi 'ya'yan, a yi biyu babu.

Nan na gaya masa abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na ce mahaifina ne ke jira, kuma ban san ko yana da sati biyar ɗin da ake cewa in ƙara ba. Ya daɗe yana shafa kan kyanwar da yatsa ɗaya.

Ya ce, "Hajiya, ba zan ce lallai za ta mutu ba. Akwai madararsu ta musamman, wasu suna rayuwa idan an tashi dare da rana a kansu. Amma ki tuna, idan ta mutu, a cinyarsa za ta mutu."

Wannan maganar ce ta yanke mini shawara, kuma na ji haushinsa da ya faɗe ta, don gaskiya ce. Na hango Baba yana lalube da hannu yana jin abin da ya rage masa na Inna ya sandare. Ba zan iya ba.

Da muka koma na mayar da ita kwalinta. Uwar ta shinshine ta, ta hau lasa kamar mai wanke ƙazantar da muka shafa mata. Na lallaɓa matar yayana muka tsallaka gidan maƙwabta muka roƙi aron nasu. Sun ba mu da murna, don kukan ya hana su barci. Na ji tsoron uwar za ta ƙi shi, amma ta cafke shi a wuya ta shige da shi bayan buhu. Matar yayana tana ta mita cewa ita ba ta taɓa ganin an mayar da kyauta ba, amma ita ce ta fara kawo auduga, kuma ta yi mini alkawarin kan kifi kullum domin mai jego.

Washegari muka juyo cikin yayyafi. Kwandon na bayan mota babu komai a ciki, ni kuma tun daga Paiko nake shirya abin da zan faɗa ina rushewa. A hanyar ne na gane abin da tafiyar ta koya mini. Gaggawar tawa ce, tsoron nawa ne, amma 'yar mitsitsiyar halittar da ba ta san komai ba na so in ɗora wa. Son abu ba ya sa lokacinsa ya yi. Duk wanda za a ba 'yar kyanwa, don Allah ya fara tambayar kwananta kafin ya tambayi launinta.

Mun iso bayan la'asar. Baba yana kan kujerarsa, yana jin sallamata ya miƙo hannu biyu a buɗe. Na durƙusa na riƙe hannuwan, na gaya masa komai, har farin wuyan, har kifewar da take yi idan ta yi taku. Na ce ba ta isa barin uwarta ba. Sai na fara kuka.

Ya ce, "Saura yaushe, in ji likitan?"

Na ce, "Kamar sati biyar, Baba."

Ya jinjina kai. "To, sai in jira ta. Amma idan lokacin ya yi, da ni za a je. Ni zan ɗauko ta da hannuna."

Tun ranar da aka kai Inna makwancinta Baba bai sake taka Minna ba, ko sunan garin ba ya son a ambata a gabansa. Ban san abin da Allah ya tsara a cikin makonnin nan ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Amma yau da safe ya sa an miƙo masa sandarsa, ya taka har bakin ƙofar gida ya dawo, ya ce gobe zai kai masallaci.