Mai Rakoda a Ɗakin Wanki

Shekara shida na yi ina ninke zannuwan gado a ɗakin wankin wani otal da ke titin Gate City Boulevard a birnin Greensboro, kuma cikin duk waɗanda suka taɓa leƙo ɗakin nan babu wanda na raina kamar wani ɗan jami'a mai rataye da jaka. Har yau in na tuna shi sai na ja tsaki.

Mu biyu ne a teburin ninki, ni da wata 'yar ƙasar Honduras mai jin Sifaniyanci, gajera mai zafin nama. Turancinta guntu-guntu, nawa ma ba na a zo a gani ba ne, amma da shi muke lallaɓawa. Mama take ce mini. Ta baro 'yarta tilo a ƙasarsu wajen kaka tun tana 'yar shekara huɗu, ga shi yarinya ta kai sha ɗaya, kakar kuma ciwo ya kwantar da ita. Ba abin da matar nan take nema a duniya sai hanyar da za ta ɗauko 'yarta kafin tsohuwar ta cika.

Wata Talata manaja ya shigo mana da shi muna cin abincin rana. Dogo ne siriri, da ɗan gemu kamar na bunsuru, wai digiri na uku yake yi. Ya ce masu jin Sifaniyanci yake nema su ba shi labarin rayuwarsu ya ɗauka a rakoda. Ya yi wa abokiyar aikina bayani da yarensu, ya miƙa mata takarda ta sa hannu. Kafin ta karɓi biron sai ta juyo gare ni.

"Mama, mutumin kirki ne?"

A nan na tafka kuskurena. Inda na taso a Kano, in mai ilimi ya zaunar da kai ya ce faɗa mini damuwarka, to ya ɗauki nauyi ke nan. Ba a tona cikin mutum a tashi a bar shi. Na ce mata ɗan jami'a ne, dole ya san lauyoyi, kada ta ɓoye masa komai.

Ba ta kuwa ɓoye ba. Talata uku a jere abincinta yana hucewa a roba tana zuba masa labari. Ni ba na jin yaren, amma kuka ai ba ya bukatar tafinta. Shi kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangare. In ta fashe da kuka ya tura mata tishu da ɗan yatsa, ya ƙara matso da rakodar kusa da bakinta, saboda injinan busar da kaya suna da ƙara.

A Talata ta uku, da ta tashi kwaso kaya daga inji, na tare shi.

"Kai, wannan labarin ina za ka kai shi?"

Sai fuskarsa ta washe, kamar dama jira yake a tambaye shi. Ya ce a Sifaniyanci mutum yana iya cewa "yarinyar ta tafi", ko "ita ta tafi", ko ya faɗi tafiyar kawai ba tare da ya ambaci kowa ba. Shi abin da yake bincike shi ne yaushe suke zaɓar wannan, yaushe suke zaɓar wancan, kuma ko zama a Greensboro cikin masu Turanci ya canza musu baki. Ya ce da gangan yake neman labari mai sosa rai, don a lokacin ne mutum yake manta da rakoda ya yi magana tsakaninsa da Allah.

Ka ji fa. Ƙato da gemunsa, iyayensa sun kashe masa kuɗin makaranta, ya ƙare a ƙirga "ita" da "shi" a bakin mai kuka.

Na ce, "To yarinyar fa?"

Ya ce, "Wace yarinya?"

Sai can ya tuna. Ya ce ai yarinyar ta yi masa amfani ƙwarai, kusan kowace jimla tana ciki. Har da tambayata mu yaya muke yi a namu yaren. Na ce a namu yaren akwai sunan da ake kiran irinsa, amma ina da alwala.

Ranar ban faɗa mata ba, washegari ma haka. Ina ta ce wa kaina wataƙila dai ya san wani. Tsoro ne kawai, kuma ina jin kunyar abin har gobe.

Talatar ƙarshe ta zo da riga mai guga a ƙarƙashin rigar aiki, ta riƙo wata farar ambulan: takardar haihuwar yarinyar, hotunanta, da wasiƙar likitan da ke duba kakar. Shi kuma ya zo mata da kofin shayi mai tambarin makarantarsu, tukuicin wahalarta ke nan. Da ta miƙa masa ambulan sai ya ɗaga hannuwa sama ya ja da baya. Ban ji abin da ya ce mata ba, amma ya juyo ya maimaita mini da Turanci, wai wannan ba fanninsa ba ne, akwai ƙungiyoyi a cikin gari kusa da tashar bas, zai turo mata adireshi ta waya. Ko lambarta bai karɓa ba. Ya saɓa jakarsa, ya gode mana da murmushi, ya fita.

Ta daɗe a tsaye, ambulan a hannu ɗaya, kofi a ɗayan. Sannan ta dube ni.

"Mama, ke kika ce."

Kakar ta rasu bayan wata biyu, a bakin wata mai share ɗakuna na ji, ta ce yarinyar tana hannun maƙwabta. Mun ƙara shekara biyu a tebur ɗaya, tana kama bakin zani ina kama ɗaya bakin, muna gaisawa lafiya lau. Amma ba ta sake ambatar 'yarta a gabana ba.