Ranar da Na Miƙa Takardar Jarrabawa Babu Rubutu

Salama a gare ku. Wata bakwai rabona da shafin nan. Na ga saƙonninku, ban amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne, rashin lafiya na yi.

'Yan ajinmu sun san a lokacin ni ne kilas ref, wato wakilin aji. Ni ke karɓar asaimen, ni ke bin malamai in ji ko za su shigo, ni ke kai takardu fotokofi. Ga furojek na shekarar ƙarshe. Ranar Asabar ina shagon kawuna a Babbar Kasuwa ina taya shi awon yadi. Duk wanda ya ce "Mubarak, don Allah," sai in ce to.

Abin bai fara da ciwo ba. Abinci ne ya fara daina yi mini ɗanɗano. Sai karatu: in karanta shafi ɗaya sau biyar, in rufe ban san me ke ciki ba. Waya tana ƙara, ina kallon sunan mai kira har ta katse.

Ba baƙin ciki nake ba. Ba na jin komai ne kawai. Malamar da ke duba furojek ɗina ta dawo mini da babi na uku duk jan biro. Na ce na gode, na sa a jaka. Sati uku ya yi a ciki.

Ranar jarrabawa ta biyu na fito daga Badarawa da wuri. Aka raba takarda, na rubuta lambata. Duk tambayoyin na san su, wasu ma ni na koya wa abokaina. Na riƙe biro awa biyu. Da aka ce a tsaya, na miƙa takardar haka nan.

Na dawo gida na zauna a bakin katifa, ko takalmi ban cire ba.

Haka Yaya Maryam ta same ni, babbar yayarmu da ke aure a Abakpa.

"Yaya jarrabawa?"

"Ban rubuta komai ba."

"Wuya ta yi?"

"A'a."

Ta dube ni ta ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Yankan kati, layi, dogon benci. Aka ɗebi jini, aka duba maleriya, taifot, suga. Aka auna hawan jini. Komai lafiya. Likitan ya rubuta mana takarda zuwa ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa. Da Yaya ta karanta allon ƙofar sai ta damƙe hannuna. Ni dai na karanta shi kamar sunan wani shago.

Likitar can mace ce, ba ta gaggawa. Ta ce, "Yaushe rabon wani abu ya ba ka sha'awa?"

Na kasa tunawa.

"Ka taɓa jin gara ma ka mutu?"

Na ce, "Ban yi niyyar yi wa kaina komai ba. Amma da za a ce mini ba zan kai gobe ba, ba zan damu ba."

Yaya ta fashe da kuka. Ina kallon ta ina tunanin ko in miƙa mata hankici.

Likita ta ce ciwon damuwa ne, kuma ya yi nisa. Ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, amma sai na sauke kayan da na ɗora wa kaina.

Baba bai gane ba da farko. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a aikin gwamnati, bai san fashi ba. Ya ce, "Ka ci, ka sha, ga makaranta. Me ya rage da zai dame ka?" Mama kuwa, kullum da asuba tana yi mini tofi a ruwa, ta haɗo mini da ƙwayar asibiti.

Bayan kwana uku Baba ya nemi izini a ofis, ya sa babbar riga, ya kai ni makaranta da kansa. Shi ya rubuta wasiƙar neman a ɗage mini karatu. A hanyar dawowa ya ce, "Digiri zai jira ka."

Maganin ba shi da araha, kuma duk wata ake saya. Satukan farko bushewar baki da jiri kawai ya kawo mini. Duk sati biyu in koma, a auna nauyina, a tambaye ni barci da abinci, in ce yana nan yadda yake.

'Yan ajinmu suka gama. Na ga hotunansu da fararen riguna duk rubutun biro. Na duba har ƙarshe, na ajiye wayar.

Wata rana Mama ta aike ni sayen kayan miya bayan an ɗauke ruwa. Wani mai keke-napep ya fallatsa mini ruwan taɓo har ƙirji. Na ɗaga murya na ce masa ba ya gani ne? Sai na tsaya a bakin titi, leda a hannu. Haushi nake ji. Haushi na gaske.

Da na gaya wa likita, dariya ta yi ta ce, "Madalla, ka fara jin wani abu. Sauran ma na tafe."

A hankali suka zo kuwa.

Yanzu na koma makaranta, ina zama da waɗanda suke bayanmu. Ba ni da muƙamin komai. Ina rubuta abu uku kacal da zan yi a rana, in na gama in rufe littafi. Har yau ina shan magani.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Yaya Maryam, da iyayena, da likitata, da duk wanda ya yi cigiyata.

Ɗan'uwa ɗalibi, ka koyi cewa "ba zan iya ba". Ka ci abinci, ka yi barci. In ka ga makonni suna wucewa komai ba ya yi maka daɗi ba ya yi maka ciwo, ka je asibiti, ka faɗa yadda yake. Ka yi addu'a, ka sha magani, kada ka daina sai likita ya ce.

In kuma abokinka ne ya daina ɗaga waya, kada ka yi fushi. Ka je gidansu.