Abdulbaƙi, Matuƙin Da Ya Ƙi Tashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Injiniya Abdulbaƙi Sadiƙ a gidansa da ke Nassarawa GRA, Kano, yana da shekara hamsin da ɗaya. Hawan jini ne sanadi. Ban ja da hukuncin Allah ba, amma ina da magana da mutane.

Abdulbaƙi, shekara goma sha bakwai muka yi a ofis ɗaya, kai injiniyan hanya, ni mai zanen taswira. Ranar da ka ce min za ka ajiye aiki ka koyi tuƙin jirgin sama, kana da shekara arba'in da biyu da 'ya'ya uku, dariya na yi har da riƙe ciki. Cewa kawai ka yi, "Ja'afaru, addu'a nake nema, dariya akwai ta a dangi." Har yau ban yafe wa kaina ba.

Ka sayar da filinka na Tudun Wada, ka zauna aji ɗaya da sa'o'in ɗanka, matarka Hajiya Nabiha ta riƙe gida da albashin koyarwa. Da ka samu lasisi, shekara uku ka yi kana yawo da takardu, ana ce maka ka tsufa, ana ɗaukar masu uwa a gindin murhu. Daga baya wani kamfani ya ɗauke ka mataimakin matuƙi. Mutanen unguwa suna kiranka Kyaftin, kai kuma kullum sai ka gyara musu, ka ce da saura.

Malam Tanko mai gadinka, dattijon Jigawa, bai taɓa shiga jirgi ba. Ka kai shi Legas ka dawo da shi, ka gaishe shi da sunansa ta lasifika fasinjoji suna ji. Jiya ma sai da ya sake ba ni labarin, yana kuka.

Bara ka ga ma'aunin man inji ɗaya yana wasa, ga fasinja tasa'in sun zauna. Aka ce ku tashi, a duba a Abuja. Ka ƙi. Suka dakatar da kai, wai taurin kai. Makanikai sun gano injin yana yoyo, kai kuwa ko takardar ban haƙuri ba a rubuto maka ba. Wata goma sha ɗaya kana zaune a gida, kayan aikinka a goge, kana jiran waya.

Sai ga manajan da ya sa hannu a dakatarwar ya zo zaman makoki da buhunan shinkafa, yana cewa sun yi rashin gwarzo. Ina bakinsa yake wata goma sha ɗaya? Hajiya Nabiha ta aiko daga cikin gida cewa ta karɓi gaisuwa, shinkafa kuwa a mayar da ita mota. Na taya ɗauka da hannuna.

Allah Ya jiƙanka, Abdulbaƙi, Ya sa rayukan da ka tsare su zama nauyi a mizaninka, Ya haskaka kabarinka. Hajiya Nabiha, Usaid, Afrah da Najla, Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu. Waɗanda suka zalunce shi kuwa, mun bar su da Mai Hisabi.

Ja'afaru Bashir Gama