Ba a Teku Rabi Take Ba

"Ki tafi hankalinki kwance, Rabi tana hannuna. Ko ban je kullum ba, ba zan bar ta ita kaɗai ba."

Hajiya Kande, maganarki ce wannan. Kin faɗa min ranar da zan tafi Madina jegon 'yata, har kina dafa ƙirji.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labari ya same ni cewa Rabi ta rasu. Ba yau ba, ba jiya ba, tun makon da ya wuce. Kuma yanzu da nake wannan rubutu tana kwance a tallajar asibiti, inda ake ajiye gawa. Ba a yi mata wanka ba, ba a kai ta makwancinta ba.

Ba daga bakin Bahaushe na ji ba. Kyaftin ɗin jirgin ruwan da take aiki a ciki, wani dattijo ɗan Sudan, shi ya turo min saƙon murya. Yana da lambata ne saboda Rabi ta taɓa kirana da wayarsa lokacin da tata ta faɗa ruwa. Tambaya yake yi a wane masallaci za a yi sallar jana'iza, don ma'aikatan jirgi suna so su nemi izini su zo. Ya ɗauka na sani.

Na ajiye jaririn da ke hannuna na hau jirgin ƙasa. Ga ni a Jidda, a kan bencin bakin asibiti.

Da yawanku kun san ta da "matar nan mai aikin teku". Bari in gaya muku ko wace ce.

Rabi 'yar Yawuri ce. Babanta Basarke ne, masunci, kuma mafaraucin ayu. Ta ce tana ƙarama aka ja wata ayu bakin gaɓa aka feɗe, sai ga nono yana zuba daga jikinta, ɗanta kuma yana ta kewaya kwalekwale ya ƙi tafiya. Kowa ya ci nama ranar, ita ta kasa. Daga nan ta kama hanyar da ba ta sauka ba: ta karanci dabbobin ruwa a jami'a, ta yi digiri na biyu a kan ayu, ta yi horon aiki a jirgi, har da koyon yadda mutum zai ceci kansa in jirgi ya kife. Wani kamfani ya ɗauko ta zuwa nan.

Ashe Bahar Maliya ma akwai ayu, ɗan uwan na koginmu, yana kiwon ciyawa a ƙarƙashin ruwa kamar saniya. Ni haifaffiyar unguwar Waziriyya ce ta nan Jidda, a nan aka haifi uwata, amma sai a bakin 'yar Yawuri na ji.

Aikinta shi ne kallo. Jirgin yana yashe ƙasan teku don masu gine-gine a bakin ruwa. Ita za ta hau can sama da madubin hangen nesa tun fitowar rana, ta zuba wa ruwa ido. In ta hango ayu, ko dolfin, wanda masuntan nan ke kira abu salama, ya matso kusa da injin, sai ta ce a tsaya. Dole a kashe komai har dabbar ta wuce.

Ku ƙiyasta. Mace ɗaya cikin maza, baƙa, baƙuwa, kuma ita ce mai tsayar da aiki. Suka sa mata suna Abla Waggif, wato anti tsaya. Ta ce da farko in ta shiga ɗakin cin abinci sai hira ta mutu. Sai ta riƙa ɗaukar farantinta ta koma sama ta ci tana kallon ruwa.

A ƙasa ma haka muka yi mata.

Tun da matan unguwa suka ji kalmar ayu, shi ke nan. Kowa ta ja ta gefe: don Allah in kin sauko ki taho min da ɗan man ayu, ko cikin murfin kwalba ne. An ce na teku ya fi na kogi ƙarfi. Ta yi bayani har ta gaji, cewa ita gadinsa take yi, ko taɓa shi ba ta yi. Wata ta ce mata ai mai gadin rumbu ba ya kwana da yunwa.

Rannan a wata walima a unguwar Sa'alaba, Hajiya Kande ta baje kayan matan da take sayarwa, har da kwalaben man ayu da 'yan umra suka kawo mata daga gida. Aka tambayi Rabi ko na gaske ne. Ta ɗauka ta shinshina, ta ce in na gaske ne an kashe uwa mai shayarwa, in na ƙarya ne an cuci mai saye, a zaɓi ɗaya.

Ni na yi dariya har na ƙware. Ni kaɗai na yi.

Daga ranar aka rage kiranta suna da biki. In an tambaya sai a ce ai tana teku. Maganar ta zama bargo, kowa ya lulluɓa da shi.

Ni kuwa ita ce mutum ɗaya a garin nan da zan ba littafi ta dawo min da shi da faɗa, ta ce marubucin bai san abin da yake yi ba, mu kwashe yini muna musu. Lokacin da tsohuwata ke jinya, in Rabi ta sauko daga jirgi gidanmu take fara zuwa, fuskarta duk rana ta ƙona, ta zauna tana matsa mata ƙafa tana ba ta labarin kogi. Tsohuwa ba ta taɓa ganin Najeriya ba. A bakin Rabi ta gan ta.

Ta taɓa ɗaukata a ƙaramin jirgi don in ga abu salama da idona. Kafin mu yi nisa na fara amai. Ta riƙe min kai, ta tura min lemon tsami da gishiri a baki, tana cewa, "Haifaffiyar Jidda, amma kamar daga Agadas aka ɗauko ki." Da suka fito, uwa da ɗa suna iyo kafaɗa da kafaɗa, sai ta juyo gare ni. Hannuna kawai ta matse.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a ɗakinta ne a unguwar Khumra, tsakanin sito-sito da garejin manyan motoci. Ta kama can ne don kusa da tashar jirgi. Tari ya hana ta sakat, numfashi yana yi mata wuya, likita ya ba ta hutu. Na ce ta bar aikin nan haka, shekaru sun fara ja, ta nemi koyarwa. Ta ce wa za ta bar wa saman jirgin.

Sai ta ce, "Sai ki yi mako ba ki ga komai ba. Amma ayu dole ya taso ya shaƙi iska. Aikin kawai kar ki kau da kai."

Na ce in fasa tafiyar Madina. Ta ce in na fasa ba ta yafe ba, jikan fari ne. Yalla, ki tafi. Shi ya sa na je wajen Hajiya Kande, don 'yar garinsu ce, tare iyayensu suka sha ruwan kogi ɗaya.

Da farko muna waya. Sai wayar ta daina shiga. Na kira Hajiya, ta ce min ai ta samu sauƙi, ta koma teku. A teku babu netwok, kowa ya sani. Na ce alhamdu lillahi.

Ba a teku take ba.

Ɗazu na je Khumra. Mai gadin gidan ya ce shi ya ga ledar burodinta a rataye a ƙofa ba a ɗauka ba, ya buga shiru, ya kira motar asibiti. Ta yi kwanaki a gadon asibiti da ranta. Na tambayi ma'aikaciyar jinya ko wani ya zo. Ta duba ni ta girgiza kai.

Kamfaninta, wanda shi ne kafilinta, wato mai alhakin zamanta a ƙasar, ya yi nasa. Yayanta da ke Yawuri ya yarda a binne ta a nan, ya aiko da wakilci da sunan Alhaji, mijin Hajiya Kande, don shi kaɗai ya sani a Jidda. Abin da ya rage Alhaji ya zo ya sa hannu a ba da gawa. Na kira shi, ya ce kwantenarsa ce ta iso, in sha Allahu gobe. An ce tun makon jiya goben take zuwa. Siton da yake sauke kayan a Khumra yake.

Na kira ki, Hajiya, kika ce wallahi kin zaci tana teku, kuma kin rasa yadda za ki gaya min.

To amma mai gadi ya ce kin zo. Bayan rasuwar. Kika ce ke 'yar uwarta ce, ya buɗe miki ɗaki, kika buɗe firiji kika kwashe ƙananan kwalaben da ke ciki a jaka.

Bari in taimake ki, don ni na san abin da ke ciki. Kashin ayu ne. Yana tasowa saman ruwa, Rabi tana kwasa da 'yar koma ta jiƙa a sinadari, don a ɗakin gwaji a gane irin ciyawar da yake ci da lafiyar cikinsa. Aikin digirinta na uku ke nan, na shekaru. Duk wadda ta sayi sabon mai na teku a Waziriyya cikin kwanakin nan, ina ba ta shawara kar ta shafa.

Kwalaben ki kai wa kamfani, su suka san inda za su. Ba su suka zaunar da ni a bencin nan ba. Kin san hanyar Khumra, abin da nake so a sani ke nan.

Ina kallon ƙofar da take bayanta. Mutane suna zuwa da motoci suna ɗaukar nasu, ana rungume juna. Na buɗe waya in gaya wa wani abin da nake gani, sai na ga ita nake nema.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya gafarta mata, Ya sa jinyar da ta yi ita kaɗai ta zama kaffara. Yadda ta tausaya wa bayinSa marasa baki, Ya tausaya mata. Ya ba ta abokan zama a kabarinta waɗanda suka fi mu. Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a da sunanta.

Alhaji, Hajiya, ina nan har azahar ɗin gobe Laraba. In aka kira salla ban ga Alhaji da biro a hannu ba, halas, na daina jira. Na riga na yi magana da yayanta, zai sauya wakilcin zuwa sunana, iƙamata, takardar izinin zamana, tana da rai. Ni zan karɓe ta, ni zan tsaya a kan wankanta.

In an binne ta kuma, zan ɗauko tabarmata in shimfiɗa a falonki, Hajiya. A can zan karɓi gaisuwa, kina zaune a gefena. Duk wadda ta shigo ta tambayi yadda aka yi, ke za ki ba ta amsa.