Turancin Kawu Sale

"Ina kwana? Yaya gajiya?"

Haka Yusuf, ɗan Sin ɗin ajinmu, ya tare ni a ƙofar sakandare, yana murmushi, wai in ji yadda Turancinsa ya gyaru.

Wajejen ƙarshen shekarun 1950 ne a Makka. Iyayen Yusuf Musulmin Sin ne da suka yi hijira suka zauna kusa da mu a unguwar Zahir. Jarrabawa ta matso, babansa yana neman wanda zai riƙa yi wa yaron hira da Turanci. Da ya ji Ingila ke mulkin ƙasar su Kawu Sale, kawuna mutumin Kano, sai ya ɗauke shi. Ladansa kwanon taliya kullum.

Kawun da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba! Wata biyu yana ɗura wa yaro Hausa.

Na sami Kawu a gida yana suɗe kwano.

"Ya ammi, kawuna, ka ji tsoron Allah. Wannan ai Hausa ce!"

"Uskut, ya walad! Yi shiru, yaro! Bature ya mulki Kano ko bai mulka ba?"

"Ya mulka."

"Da wane yare yake yi mana magana? Da Hausa. To shi ne Turancin Kano. Na makarantarku na littafi ne."

Yusuf ya faɗi jarrabawa, ya maimaita aji. Kawu kuwa har ya rasu ana kiransa Ustaz.

Duk sanda na ga "ƙwararre" a nan Facebook, ƙamshin taliyar nan nake ji. Ku wane ne Kawu Salen unguwarku?